Kalmar Compact da Ma'anoninta

Akwai wata kalma ta Turanci wadda ta taɓa kunyata ni a gaban yara fiye da talatin, watau compact. Shi ya sa na ga ya kamata in yi bayaninta a wannan shafi, musamman saboda 'yan'uwanmu da ke shirin fita gwajin koyarwa.

Ga yadda abin ya faru. Ina gwajin koyarwa a wata makaranta, aka ba ni darasin tarihin Amurka. A cikin littafin na tarar da Mayflower Compact. Ni kuwa iyakar sanina compact abu ne ƙarami, na kuma san Mayflower jirgin ruwa ne, sai kawai na gaya wa yara ma'anarsa ɗan ƙaramin jirgi. Na rubuta a allo, suka kwafa. Malamin da ya zo duba ni yana zaune can baya, bai ce uffan ba. Da aka tashi ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, mutum 41 suka sa hannu a kan abin nan. Shin a jikin jirgin suka sa?" Kashegari tilas na koma na sa yara su soke abin da suka rubuta.

To, abin da ban sani ba a lokacin shi ne, kalmomi biyu ne suka yi tarayya a rubutu ɗaya. Dukansu daga Latin Turanci ya samo su, amma kowace da tushenta.

Ta farko asalinta haɗa abu da abu a matse su. Idan Bature ya ce abu compact ne, nufinsa an cusa shi ko an ɗaure shi tamau, ba a bar fili a banza ba. A lura, ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba. Ƙwayar gero ƙarama ce, amma ba wanda zai kira ta haka. Kayan falke kuwa, da ya nannaɗe ya ɗaure har tulin kaya ya koma ƙunshi guda, shi ne ya cancanci sunan. Masu koyon ilmin jikin mutum za su gamu da compact bone, watau ɓangaren ƙashi na waje mai tauri, wanda ya kewaye na ciki mai huje-huje kamar soso.

Kalmar takan zama aikatau kuma, a nan ne Bahaushe ya fi saurin gane ta. Wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki, ana yayyafa ruwa ana bugun ƙasa da madaɓi har ta yi ƙarfi, ya ga abin da Turawa ke nufi da to compact. Aikin nan ne injin nan mai nauyi yake yi sa'ad da ake gina hanya, kafin a zuba kwalta. Amma abin da ke da kyau a ɗaki ɓarna ne a gona, gama ƙasar da shanu suka tattake ruwa ba ya shigarta sosai, saiwa ma ba ta ratsa ta.

Daga wannan ma'ana aka raɗa wa abubuwa da yawa suna. Ɗan gwangwanin hoda mai madubi da mata ke sawa a jaka sunansa ke nan. A Amurka haka suke kiran mota matsakaiciya. Sai kuma faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982. Harafin C ɗin nan compact ne, domin faɗinsa santimita 12 ne kurum, alhali babban faifan garmaho santimita 30 ne. Yanzu waya ta kashe masa kasuwa, yaran da za ku koyar ma wataƙila wasu ba su taɓa riƙe shi ba.

Ta biyu, wadda ta kayar da ni, ma'anarta yarjejeniya. 'Yar'uwar pact ce. A watan Nuwamba na 1620 jirgin Mayflower ya iso Cape Cod da fasinja 102 daga Ingila. Wurin da suka sauka yana arewa da yankin da aka ba su izinin zama, sai waɗansu suka ce ai ke nan ba dokar da ta hau kansu. Don gudun rikici, maza 41 suka rubuta alkawari cewa za su kafa dokoki su kuma bi su. Takardar nan ita ce Mayflower Compact. Har yanzu ana amfani da kalmar a wannan ma'ana, misali Global Compact da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a 2000, zamanin Kofi Annan.

Yaya za a rarrabe su? A duba maƙwabtan kalmar. In an ce an sa mata hannu, ko an ƙulla ta tsakanin wane da wane, yarjejeniya ce. In tana gaban sunan wani abu tana siffanta shi, ta matsi ce. Wajen furuci kuma, suna a gaɓar farko ake danna shi, COM-pact, aikatau a ta biyu, com-PACT. Siffa kam za ka ji ta ta hanyoyin biyu, kada ka hukunta yaro a kanta.

Ni yanzu in zan koyar da ita, auduga nake kawowa cike da ƙwarya, in sa yaro ya danna ta cikin gwangwanin madara har ta shige duka. Sa'an nan in sa aji su buɗe ƙamus, su ga an jera kalmar fiye da sau ɗaya, kowace da lambarta, su karanta har ta ƙarshe.