KUƊIN MAGANIN YARO: INA ZA A SAMO SHI?

A ƙasar Arewa, tun daga Dogonkirya har Dumega, Agusta da Satumba su ne watannin wahala. Rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi bai nuna ba, ga masassarar cizon sauro tana kama yara. A lokacin ne iyaye da yawa suke fitowa daga likita da takardar magani a hannu, aljihu kuwa babu ko dala. Ya kamata kowane magidanci ya san abin da gwamnati ta ɗauke masa, da inda zai nemi ciko.

Abin da gwamnati ta ɗauka

A shekarar 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta yanke cewa duk yaron da bai cika shekara 5 ba za a duba shi, a ba shi magani kyauta a likitocin gwamnati. Haka ma awon ciki. A watan Satumba na 2024 kuma an rage kuɗin ganin likita da na gwaji da na kwanciya da rabi. Da damana ma'aikatan lafiya suna bin gida gida suna ba yara masu wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin masassara, wata wata, kyauta.

Me ya sa kyautar ba ta isa?

Likita ba ta karɓar kuɗi hannun uwar yaro. Tana rubuta abin da ta kashe, ta aika, gwamnati ta biya ta. In biyan ya yi jinkiri, ba ta da abin sayen sabon magani. Shi ya sa ake tura uba ya sayo ruwan ƙari, ko allura, ko auduga a waje. Ban da wannan, ranar da yaro ya cika shekara 5 ya fita daga kyauta. In kuma an tura shi daga Matankari ko Gesheme zuwa babban asibiti na Dogondutsi ko na Doso, akwai kuɗin tafiya da abincin mai jinya.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

1. Takardu. A riƙa zuwa likita da karnen yaro da takardar haihuwarsa. Su ne shaidar shekarunsa. Yaro mai girman jiki da ba shi da takarda, ana iya ɗaukarsa ya wuce shekara 5.

2. Ma'aikacin likita. Kafin a fita, a tambaye shi wane magani ne na gaggawa, wane ne zai iya jira gobe. A roƙe shi ya rubuta maganin jenerik: aikinsa ɗaya da mai tsada, kuɗinsa kaɗan.

3. Kwamitin kula da likita. Mutanen gari ne suke zaɓen wakilansa. Su ne suke sa ido a kan kuɗin likita da maganinta. In magani ya yanke, ko an nemi kuɗi a kan abin da yake kyauta, wurinsu ake kai kuka.

4. Ma'aikatar magajin gari. Wanda ba shi da hali yana iya neman takardar shaidar rashin hali, ya kai wa masu kula da jin daɗin jama'a a asibiti, su duba abin da za a rage masa. Shaidar mai gari ko mai unguwa tana taimakawa.

5. Asusun mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun faro a jihar Maraɗi a 1991, suka bazu cikin ƙasa. Kowane mako mata suna zuba kuɗi, suna ba juna rance. Yana da kyau a ware akwati guda na rashin lafiya kaɗai.

6. Dangi da masallaci. Ƴan ci-rani da ke Yamai ko Najeriya suna iya aiko da kuɗi cikin yini ɗaya. In za a kira su, a karanto masu sunan magani da kuɗinsa. Zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka ita ma tana da rabon mabukata.

Abin da za a kiyaye

Kada a sayi magani hannun masu talla a kasuwa, rana ta kashe ƙarfinsa, wani ma jabu ne. Kada a sayi rabi a bar rabi, ciwo zai dawo. Kada a ci bashin hatsi tun yana gona, abin da za a biya da kaka ya fi abin da aka karɓa nesa. Fiye da kome, kada a ajiye yaro gida don ana neman kuɗi. A kai shi tukuna, a nemi kuɗin yana hannun likita. Masassarar da ta kwana biyu tana iya shanye jinin yaro.

Lissafi da tambayoyi

1. Mata 30 suna zuba dala 20 kowace mace, kowane mako. Jika nawa suke tarawa a mako? Nawa za su samu cikin mako 20, kafin damana?

2. Su wane ne wakilan kwamitin likita a garin nan?

3. Yara nawa ne a gida ba su da takardar haihuwa?