Kwabo Mai Huji: Nawa Zai Yi a Kasuwa?

Tambaya: Na gaji gwangwanin tsofaffin kuɗi daga kakana, akwai anini da kwabo mai huji da sulalla. An ce mini suna da tsada. Yaya zan san ƙimarsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya jiƙan kakanka. Malam, kafin komai, kada ka goge su da toka ko lemon tsami. Masu tara tsabar kuɗi sun fi son ta da duhunta na asali, wadda aka kankare kuwa farashinta faɗuwa yake yi.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abin da ake dubawa shi ne ƙarancin tsabar da lafiyar jikinta. Anini da kwabo masu huji, masu tauraro da rubutun Larabci, tun 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara buga su, kuma an buga miliyoyi, don haka mafi yawansu ba su da tsada. Hatta na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a shekarar, suna da yawa a hannun jama'a, duk da zuzuta su da ake yi.

Sulallan nan su ne zan so ka zauna ka duba da kyau. Sule da sisi da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, sai daga 1920 aka fara buga su da tagulla. Ko sun suɗe, na azurfar suna da kuɗin nauyinsu, kowane maƙerin azurfa zai auna maka. Sannan ka nemi ɗan ƙaramin harafi a jikin tsabar: H ko KN, alamun masana'antu biyu na Birmingham. Shekara ɗaya, hoto ɗaya, amma harafin kan bambanta farashi, domin wata masana'antar kaɗan ta buga a wannan shekarar.

Ka rubuta shekara da harafin kowace, ka kwatanta da farashin da aka sayar da irinta a gwanjo, ba wanda mai talla ya yanka a intanet ba. Duk wanda ya ce zai sayi kwabonka da miliyoyi amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi.