Darasi: Zaɓen Maganin Rage Ƙiba

Ɗalibi, ka taɓa ganin shayin rage ƙiba a kasuwa? Kafin ka saya, duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin kwalin. Sannan ka karanta abubuwan da aka haɗa shi da su.

Wani shayin gudawa kawai yake sawa. Ruwan jiki yake zubarwa, ba kitse ba. An kuma sha gano sinadarin sibutramine ɓoye cikin irin waɗannan magunguna. An janye shi a Turai da Amurka a 2010, domin yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka, nemi shawarar likita tukuna. Rigakafi ya fi magani.

Tambaya: Me ya sa aka janye sibutramine?