Sanƙarau da Makaman Jini

Da bazara, in zafi ya tsananta, mutanen Kakuri da Barnawa sukan ji tsoron sanƙarau. A shekarar 1996 ya kashe dubban mutane a Arewa.

Allah ya sanya waɗansu makamai cikin jininmu, hanta ce ke ƙera yawancinsu. In ƙwayar sanƙarau ta shiga, sai su huda ta, ta mutu. Amma akan haifi wani yaro makamansa ba su cika ba. Gadonsa ke nan daga iyaye, ko da su lafiyarsu lau. Irin wannan yaro, ciwon yakan kama shi fiye da sau ɗaya. Ba maita ba ce. Sai likita ya auna jininsa da na 'yan'uwansa, a yi musu allurar rigakafi.

Yara, in kun ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ku gaya wa manya, a garzaya asibiti.