Ɗana, Kada Ka Raina Tsaron Baya

Ɗana, labari ya iso mini cewa kocinku ya mayar da kai baya, kai kuma ranka bai so ba. Ban ga laifinka ba. Kowane yaro a Daura so yake a kira sunansa in ƙwallo ta shiga raga. A gidan kallo ma, ɗan gaba ake wa ihu. Mai tsaron baya kuwa, ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya yi kuskure. To, zauna mu yi magana a hankali.

Ka san Stephen Keshi? Lokacin da yake taka leda ba a haife ka ba. Ɗan baya ne kamarka. Ya buga wa New Nigeria Bank ta Benin, ya wuce Abijan, daga can ya tafi Beljiyam, inda ya yi shekara huɗu a Anderlecht. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles a 1994, da aka ci Zambiya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunis. Emmanuel Amunike ne ya ci ƙwallayen biyu, sunansa ya cika gari, kuma ya cancanta. Amma wanda 'yan wasan ke saurara in magana ta taso, Keshi ne.

Abin da na baya yake da shi ke nan. Fili duka yana gabansa. Yana ganin wanda ya gaji, da wanda ya bar wurinsa, da ramin da abokan hamayya za su biyo tun ba su biyo ba. Dole ya yi magana, ya jera mutanensa, ya haɗa baki da gola. Shekara goma yana wannan, ai ya yi rabin karatun koci bai sani ba.

Da ƙafa ta gaza, Keshi bai tsaya ba da labarin jiya a majalisa ba. Ya je Amurka ya koyi aikin horarwa. Ya karɓi Togo, ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta. Ka san me ya biyo baya? Sun sha kashi a wasanni uku a gasar Afirka a Masar, aka sallame shi, aka ba Bajamushe Otto Pfister. Shi ya yi noma, wani ya je girbi. Wannan abu yana da ciwo, ɗana, kuma irinsa zai iya samunka, ko a gasar unguwanni. Bai jefar da sana'ar ba. Ya horar da Mali, sannan a 2011 aka ba shi Najeriya. Mahaƙurci mawadaci.

Gasar kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu ita na fi so ka riƙe. Ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗauki 'yan wasa shida daga gasar cikin gida, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Mutane suka yi ta surutu. A tsakiyar baya ya haɗa Godfrey Oboabona na Sunshine Stars da Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19, kyaftin Joseph Yobo yana zaune a benci. Wanda ya daɗe a wurin nan ne kaɗai zai yi wannan ƙarfin hali, don ya san abin da yake nema. Sunday Mba, shi ma ɗan gida, ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya a wasan ƙarshe, yaran baya suka tsare ta har aka tashi. Da haka Keshi ya bi sahun Mahmoud El-Gohary na Masar, wanda ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci. Ya rasu a watan Yunin 2016 yana da shekara 54.

Ban ce lallai za ka zama shi ba. Rabo na Allah ne. Wataƙila ka kai Katsina United, ka buga a filin Muhammadu Dikko, wataƙila gwiwa ta tsayar da kai kafin nan. Shekarun ƙwallo kaɗan ne, kuma rauni ba ya sallama. Shi ya sa tun ran gini ran zane. Kada ka bar makaranta saboda atisaye. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan a Daura, ba sai ka yi nisa ba. Takardar horarwa ta CAF ma sai mai karatu ke iya samunta.

Sai kuma zuciya. Ɗan baya mai saurin fushi, jan kati ne rabonsa, ya bar 'yan'uwansa goma suna wahala. In ka kayar da ɗan mutane, miƙa hannu ka tashe shi. Gobe a kasuwa za ku haɗu.

Ka koma wurin kocinka ka ce ka karɓi wurin da ya ba ka. Ran da ba ku da wasa, tara ƙannenka na unguwa bayan la'asar ka nuna musu yadda ake tsayuwa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka. Allah Ya yi maka albarka.