Ƙaramin Gari, Abota da Burin Fasaha a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Hausa: Waiwaye Daga Yankin Sundimina

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin ƙaramin gari da abota da burin zama mai fasaha a littattafan soyayya na Hausa, inda aka ɗauki yankin Sundimina a matsayin ma'auni. An gano cewa a galibin waɗannan littattafai ƙaramin gari wurin baro ne, abota kuwa hidima take yi wa soyayya, yayin da burin fasaha ya fi fitowa a rayuwar marubutan fiye da ta taurarinsu.

1.0 Gabatarwa

Jigon soyayya ya daɗe a zuben Hausa. Yana cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tare da littattafan gasar 1933, yana kuma cikin So Aljannar Duniya (1980) na Hafsat Abdulwaheed. Sai dai bai zama ruwan dare ba sai a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da matasa suka shiga buga littattafansu da kansu a Kano. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yayi Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare shi a matsayin adabin zamani. Muhawarar ta fi karkata ga tarbiyya da ingancin harshe, ta bar batun muhallin labari a gefe.

2.0 Yankin Nazari

Sundimina gari ne a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, wadda ke maƙwabtaka da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa. Yankin yana cikin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta, 1991, wato shekarar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito. Noma da kiwo da kasuwanci su ne ginshiƙin rayuwa a nan. Yankin yana kuma da gadon fasaha da na ilimi: zane-zanen kan duwatsu na Birnin Kudu, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye Aliko Ɗangote. Saboda haka mai karatu a irin wannan yanki yana da hujjar tambayar yadda littafin soyayya yake kallon garinsa.

3.0 Ƙaramin Gari a Matsayin Muhalli

A Wa Zai Auri Jahila? (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, an cire Abu daga makaranta, aka yi mata auren dole da dattijo Sarkin Noma. Ba ta sami mafita ba sai da ta gudu birni, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ƙauye a nan shi ne mazaunin matsala, birni kuma wurin warware ta. Wannan zubi yana da dalili, domin galibin marubutan da maɗaba'un da dillalan a Kano suke. Illarsa ita ce gari irin Sundimina, mai makarantu da kasuwa da ma'aikata, ya faɗa tsakanin ƙauye da birni, bai sami gurbin kansa a labari ba.

4.0 Abota

Kunya da kawaici sun hana saurayi da budurwa bayyana komai baki da baki, don haka aboki da ƙawa suka zama 'yan aike, masu kai wasiƙa da sasanta saɓani. Wannan ya dace da matsayin abokin ango da ƙawar amarya a al'adar aure. Amma da wuya a ga abota ta tsaya a matsayin babban jigo. Sau da yawa ma ƙawar ce take rikiɗewa ta zama kishiya, sai labarin ya koma na cin amana.

5.0 Burin Fasaha

A al'adar Hausa kiɗa da waƙa da roƙo sana'o'i ne da aka fi dangantawa da gado, kuma iyaye kan yi ɗari-ɗari da su wajen ba da aure. Shi ya sa taurarin soyayya suka fi zama likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa. Burin fasaha ya fi bayyana a rayuwar marubutan kansu: Gidan Dabino da Balaraba duka sun tsallaka zuwa harkar fim bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Wannan buri ya sha matsin lamba, musamman bayan kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001 da ƙona littattafai da aka yi a Kano a 2007.

6.0 Kammalawa

Wayar hannu ta rage wa Kano ikon da take da shi a kan bugu da rarrabawa. Ta hanyar WhatsApp da Wattpad, da gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya soma a 2016, marubuciya a Gwaram tana iya isa ga masu karatu daga ɗakinta. Aikin da ke gaban manazarta shi ne tattara irin waɗannan rubuce-rubuce kafin su ɓace daga wayoyi, a duba ko tauraruwarsu tana iya cim ma burinta ba tare da ta bar garinsu ba.