Dutsen da Ya Fito daga Ƙarƙashin Teku

Ƙasar Katagum shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, don haka manomin Dagauda ko na Azare zai iya tsufa bai ga dutse mai aman wuta ba, wato dutsen da narkakken dutse mai tsananin zafi ke ɓullowa ta bakinsa daga cikin ƙasa. Idan abin da ke fitowa ya zama ruwa-ruwa, sai ya malala nesa kafin ya daskare, wani ya sake hawa kan wani shekaru aru-aru, har a sami dutse mai faɗin gindi da gangare mai sauƙi, wanda masana ke kira mai siffar garkuwa.

Tsibirin Sao Tome, da ke Tekun Atilantika kudu da gaɓar Nijeriya, gaba ɗayansa irin wannan dutse ne, domin daga ƙasan teku ya taso, abin da ido ke gani kuwa kansa ne kawai. Ƙololuwarsa, Pico de Sao Tome, ta kai mita 2,024, kuma tun da mutane suka zauna a wurin ba a ga ya yi aman wuta ba. Abin mamakin yana kudancin tsibirin, inda Pico Cao Grande ya miƙe tsaye kamar taɓarya, mita 663 daga saman teku. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron wani dutsen, daga baya ruwan sama ya zaizaye duk abin da ke kewaye da shi, ya bar shi shi kaɗai.

Turawan Fotugal sun iske tsibirin ba kowa wajen shekarar 1470, suka kawo bayi daga gaɓar Afirka suka sa su noman rake, daga baya kuma koko, saboda ƙasar da ta samu daga ruɓewar irin wannan dutse tana da albarka ƙwarai. Dutsen ne kuma ya tsara inda ake zama, domin yana tare iska mai ɗauke da ruwa ta kudu maso yamma, inda daji ya yi duhu, shi ya sa babban birnin da yawancin jama'a suke arewa maso gabas. Ƙasar Sao Tome ta sami 'yancin kai a 1975.

Wannan labari bai yi nisa da gida ba. Tsibirin yana kan wani jerin duwatsu da ya bi ta tsibirin Biyoko da Dutsen Kamaru, wanda shi yana da rai har yanzu domin ya yi aman wuta a 1999 da 2000, sa'an nan jerin ya shigo tsaunin Biu a kudancin Borno. Matafiyin da ya bi ta Potiskum da Damaturu zuwa Biu zai ga baƙaƙen duwatsu a gonakin Babur da Bura, zai kuma iya ziyartar Tafkin Tila, wanda ruwansa ke kwance a bakin wani dutsen da wutarsa ta mutu.